Kafin a Hana Ajiye Zaki da Kura a Gida, a Tanadi Inda Za a Kai Su

A bayan wasu dogayen katangun Jos akwai abin da ya wuce karen gadi. Wani kada gare shi a kwatamin siminti, wani biri ne ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro, wani jimina da barewa ke yawo a farfajiyarsa, ga kuma wuraren shaƙatawa masu ajiye mesa a akwatin gilashi don yara su zo kallo ranar Sallah ko Kirsimeti. Maƙwabci ba ya sanin abin da ke kwana kusa da ɗakin 'ya'yansa sai ranar da abin ya fito. A Nuwamban 2019 hukumomin Legas sun ɗauke zaki daga wani gida a Victoria Island, unguwar da ke cike da ofisoshi da gidajen jama'a. Abin da ya faru can yana iya faruwa a Rayfield ko Dadin Kowa.

Ra'ayina shi ne Majalisar Dokokin Jihar Filato ta yi dokar da za ta hana mutum ajiye dabbar daji mai haɗari a gidansa. Sai dai ina tsoron dokar da za a rubuta cikin fushi washegarin wani hatsari, mai cewa daga yau an haramta, duk wanda aka kama zai sha ɗauri, alhali ba a gina ko ɗaki ɗaya na ajiye dabbar da aka ƙwato ba. Irin wannan an gudu ne ba a tsira ba. Wurin ajiya da rajista su za su fara zuwa, haramci ya biyo baya.

Hurumin yin dokar na jiha ne. Tarayya ta yi dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa a 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara, ga yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe da Najeriya ke ciki tun shekarun 1970, ga hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007. Damuwar waɗannan duka ita ce kada jinsin dabba ya ƙare, kada kuma a yi fasaƙwaurinsa. Dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohinmu suka gada, farauta ce a zuciyarta: wace dabba za a harba, da wane lasisi. Tambayar da ta shafi mai shayi a bakin layi daban take: tsawon shingen nan nawa ne, ƙofa nawa gare shi, wa zai biya kuɗin asibiti idan dabbar ta kama yaro? Jiha ce za ta amsa wannan.

Ɗan zaki yana da ban sha'awa a wata uku, ana ba shi madara a bulumboti, ana ɗaukar hoto da shi. Kafin ya cika shekara biyu ya fi ƙarfin namiji majiyi ƙarfi. Baligin namiji yana kai kilo 150 zuwa sama da 200, yana cin nama kilo 5 zuwa 7 a rana. A lissafa kilo 6 kawai, ya zama kilo 180 a wata, sama da tan biyu a shekara, kuma zakin da ke tsare yana iya kai shekara 20 a raye. Kowa ya san kuɗin kilo ɗaya a wurin mahauci yau, sai ya ninka. Idan kasuwa ta juya wa mai gida baya, ko ya rasu magada suka gaji abin da ba su nema ba, abincin ne ke fara raguwa. Daga nan a koma kan mushe da matattun kaji daga gona, masu ɗauke da cuta da ragowar magunguna.

Ko mai kuɗin ma yakan yi kuskure cikin kyakkyawar niyya. Zai riƙa sayen tsoka zalla, yana ganin gata yake yi wa dabbar. Tsoka ba ƙashi tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, sai jikin ɗan zakin ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙasusuwansa. Za ka gan shi yana ɗingishi, ƙafafun gaba sun lanƙwashe, ya yi tsalle daga kan benci ƙashi ya karye. Ƙarancin bitamin A kuma yana sa ƙashin ƙeya ya yi kauri ya danne ƙwaƙwalwa, dabbar ta riƙa tangaɗi tana karkatar da kai. Maganin abin shi ne a ba shi dabba sukutum, da ƙashi da hanta da fata, ko a barbaɗa garin kalsiyam da bitamin bisa awon likita. Mai sayar da ɗan zakin ba zai zauna ya yi maka wannan bayani ba.

Inda rai ke salwanta kuwa, ƙofa ce, kuma lokacin ba da abinci ne. A Fabrairun 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan namun daji na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, mutumin da ya yi shekaru yana kula da zakunan tun suna ƙanana. A Satumban shekarar aka sake yin irin wannan rashi a Abeokuta. Waɗannan ma'aikata ne da suka san aikin, zakunan kuma sun saba da su, sabon bai hana komai ba. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: mutum da dabbar ba sa haɗuwa a fili ɗaya, ko da na daƙiƙa ne. Shi ya sa kejin kirki yake da ɗakin kwana daban da filin yini, a tsakaninsu akwai ƙofar ƙarfe mai zamewa wadda ake ja daga waje. A kira zaki ɗakin kwana, a rufe, a sa kwaɗo, mutum na biyu ya duba da idonsa ya tabbatar, sannan a shiga shara. Mashigar ma'aikaci ƙofa biyu ce a jere, ba a buɗe ta ciki sai an kulle ta waje. A gidan mutum kuwa wa ke yin aikin? Maigadi ko yaron gida, shi kaɗai, da ƙofa ɗaya mai sakata, wadda ruwan saman Jos ya riga ya cinye maƙalarta da tsatsa.

Mutane sukan ce in ya fita ai sai a harbe shi da allurar barci. Allurar ba ta aiki nan take. Ana auna maganin ne da nauyin dabbar, wanda sai dai a kintata daga nesa. Sai mai harbi ya matso kusa, ya samu tsokar cinya ko kafaɗa, sannan a jira minti 5 zuwa 15. Dabbar da ta firgita da ihun jama'a tana iya jure adadin da zai kwantar da wadda ke cikin natsuwa, a waɗannan mintuna kuma tana gudu, ga zafin allura ya ƙara harzuƙa ta. Ka ƙiyasta minti goma na zaki a lungunan Gangare ko Anguwan Rogo lokacin tashin 'yan makaranta. Mutanen Jos sun ga yadda irin wannan ke ƙarewa a Disamban 2015, da zaki ya kuɓuce daga gandun namun daji na garin, jami'an tsaro suka harbe shi har lahira. Gandu ne mai ma'aikata da faɗin fili, wanda ke nan tun 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Gidan mutum ɗaya a tsakiyar unguwa ba shi da ko kusa da wannan.

Zaki shi ke ɗaukar hankali, amma ƙananan sun fi yawa a gidaje, su ne kuma suka fi cizon mutane. Jan biri ko gwaggon biri yana da daɗin sha'ani yana ƙarami. Da ya balaga fiƙoƙinsa suka fito, sai ya fara neman matsayi a gidan, kuma mata da yara yake fara gwadawa. Mai shi sai ya sa a cire haƙoran ko a guntule su, dasashi ya ruɓe, a ɗaure shi da sarƙa a ƙugu har ta nutse cikin nama. Yawancin 'ya'yan birin da ake tallarsu a bakin hanya, sai da aka kashe uwar aka ɓamɓare su daga jikinta. Su kuwa kada da mesa, jikinsu da zafin wuri yake aiki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, daren hunturu sanyi yakan sauko kusa da digiri 10. A irin wannan sanyi abinci ba ya narkewa a cikinsu, sai ya ruɓe, mesa ta kamu da ciwon huhu tana fitar da kumfa ta baki. Mai shi yana ganin ta yi laushi ya ɗauka ta saba, ya bar yara suna taɓawa, ranar da rana ta buɗe jikinta ya ɗumama sai ta dawo mesar da take.

Maganar maciji mai dafi ta fi ɗaga mini hankali, domin jihar nan ta san ciwon. Manoman Langtang da Shendam da Wase suna cika cibiyar lafiya ta Zamko a lokacin noma da girbi. Maganin dafin da aka haɗa don Najeriya, EchiTAb, iri ɗaya na kububuwa ne kaɗai, ɗayan ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. Wanda ya shigo da macijin Asiya ko na Amurka don burgewa ya ajiye abin da wannan magani ba a yi shi dominsa ba. Cire haƙorin dafi ma ba kariya ba ne, wani yana tsirowa cikin makonni. Duk kwalbar maganin da aka ƙarar a kan mai kiwon maciji don nishaɗi, daga bakin manomi aka ɗauke ta.

Sai cuta, wadda katanga ba ta tare ta. A 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta hanyar ɓeraye da gafiyoyin da aka kai daga Ghana don sayar wa masu kiwon sha'awa, mutane da dama suka kamu. Cutar ta sake bayyana a Najeriya a 2017. Tarin fuka yana tafiya daga mutum zuwa biri, ya kuma dawo. Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba game da ciwon haukar kare: idan kare ya ciji mutum ana iya tsare shi kwana 10 a gani, amma wannan ƙa'ida ba ta shafi kura ko dila ko biri ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a kashe dabbar a kai ƙwaƙwalwarta ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wanda aka ciza kuma ya fara karɓar allura ba jira.

Jihar Ohayo ta Amurka ta yi irin wannan doka, amma ihu ne bayan hari. A Oktoban 2011 wani mutum a garin Zanesville ya buɗe kejin dabbobinsa ya kashe kansa. 'Yan sanda suka harbe kusan 50, cikinsu da damisar Asiya 18 da zakuna 17. Abin koyi shi ne jerin matakan da suka bi daga baya. An sa hannu a dokar a 2012, aka umarci masu dabbobi su yi rajista a sa wa dabbobin alama, jihar ta gina wurin ajiya na wucin gadi a Reynoldsburg, sannan cikakken haramcin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2014. Dokar tarayyar Amurka ta 2022 kan zakuna da damisoshi ita ma ta bar wa masu su waɗanda ke hannunsu, bisa sharaɗin rajista, ba haihuwa, ba sayen sabo, ba barin jama'a su taɓa.

Dalilin wannan sassauci a fili yake. Ka ce wa mutum gobe za a ɗaure shi saboda kadan da ke gidansa, cikin dare zai kai shi ɗaya daga kududdufan haƙar kuza da suka cika Bukuru da Rayfield, inda yara ke wanka mata ke wanki. Mai biri zai sake shi a duwatsun Shere, mai maciji ya juye akwatin a bayan gari. Wani kuma zai ƙara ɓoye dabbar a ɗaki mai duhu, ba zai sake kiran likitan dabbobi ba don kada a tona shi. Don haka dokar ta ba da wata shida na afuwa. Duk wanda ya kawo kansa a wannan lokaci ba tara, ba tambayar inda ya samo. Likita ya je gidan, ya rubuta jinsi da shekaru da lafiyar dabbar, ya ɗauki hoto, ya sa mata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai lamba 15 da ake karantawa da na'urar hannu. Amfanin lambar shi ne kada dabbar ta mutu a sayo wata a ce ita ce. A dandaƙe maza ko a raba su da mata. Wanda ya cika sharuɗɗa ya riƙe dabbarsa har ta mutu, wanda ya kasa ya miƙa ta ba tare da an hukunta shi ba.

Sharuɗɗan su zo da lambobi a cikin jadawalin dokar. Idan aka rubuta "keji mai inganci" aka yi shiru, an buɗe ƙofar cin hanci, don ingancin zai koma abin da jami'in da ya zo dubawa ya ga dama. Ga zaki, shinge mita 4.5 zuwa 5, samansa ya ranƙwafo ciki kamar mita ɗaya. Damisa tana hawa, kejinta sai da rufi. Kura tana tono, sai an binne ragar ƙarfe ko an zuba kankare kamar mita ɗaya a ƙasa. A kewaye duka da shinge na biyu mai tazarar da hannun yaro ba zai kai na farko ba. A haɗa da inshorar biyan diyya ga wanda aka raunata, kamar yadda dokar Birtaniya ta 1976 ta wajabta tare da lasisin ƙaramar hukuma da binciken likitan dabbobi. A nan zan ƙara kuɗin ajiya da zai ciyar da dabbar shekara guda idan aka ƙwace ta, don kada nauyin sha'awar mutum ɗaya ya koma kan baitulmali.

Wajen rubuta sunayen dabbobi ma akwai tarko. In aka ce "duk dabbar daji", an haɗa da mai kiwon salwa da zabi, da mai gyazbi da dodon koɗi, da mai ɗawisu, mutanen da ke neman halalinsu ba su tsare wa kowa komai ba. In kuma aka lissafa haramtattu kaɗai, gobe dillali zai kawo wadda ba a ambata ba. Beljiyam ta bi ta ɗaya gefen: ta rubuta jerin dabbobi masu shayarwa da aka yarda a ajiye, duk wadda ba ta ciki sai da izini na musamman. Wannan ya fi dacewa da mu. Zaki, damisa, kura, kada, manyan birai da macizai masu dafi su zama ba a ba kowa sabon izini a kansu. Jimina, barewa, mesa, kunkuru da gauraka su zama sai da lasisi da shaidar inda aka samo su. Aku mai jan wutsiya kuwa tun taron CITES na 2016 aka sa shi a rukunin da aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, dokar jiha ta bi sahu a kasuwanninmu.

Gardawa su ne za a fara kamawa idan ba a yi hattara ba, don su a fili suke, da ganga da kura da takunkumi a tsakiyar kasuwa. Ba na goyon bayan a ci gaba da wasan yadda yake. Hausawa da kansu sun daɗe da faɗin gaskiyar abin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dabbar tana yini cikin rana da sarƙa da sanda, ana ɗora yara a bayanta, tsakaninta da su igiyar takunkumi ce kawai. Amma sana'ar gado ce, da ita ake ciyar da iyali, kuma mutanen nan sun san halin kura da maciji sanin da ba a samu a aji. A Indiya, bayan dokar kare namun daji ta 1972 ta kashe cinikin fatar maciji, 'yan ƙabilar Irula a jihar Tamil Nadu sun kafa ƙungiyar haɗin kai a 1978, suna kama macizai ana tatsar dafinsu don haɗa magani, sannan a mayar da su daji. Mu da ake sarrafa mana maganin dafi a Birtaniya da Kosta Rika, muna da buƙatar irin waɗannan hannaye. A yi musu rajista, a hana kamo sabuwar dabba da wasa a cikin taro, a horar da su kan ƙa'idojin tsaro, a ɗauke su aikin kula da dabbobin da aka ƙwato da kama macijin da ya shiga gidan mutane. A zauna da shugabanninsu da sarakunan gargajiya tun kudirin yana takarda.

Shafaffu da mai kuwa ta ƙofar "gidan zoo" za su nemi fita. Kowace doka irin wannan tana keɓe gidajen namun daji da cibiyoyin bincike, sai mai hali ya kafa allo a ƙofar gidansa ya ce ai nasa ma zoo ne. A rufe wannan: duk mai neman keɓewa ya kasance yana da likitan dabbobi da aka sani da suna, da littafin shigar dabba da mutuwarta, da rubutaccen shirin abin da za a yi idan ta kuɓuce, da bindigar allura da wanda ya iya ta, a kuma shiga duba shi ba sanarwa. Gidajen namun dajin gwamnati su ma su bi wannan ma'auni. Kada a ba kwamishina ko gwamna ikon yafe wa wani sharaɗi da sa hannu ɗaya.

Akwai magana mai ɗaci da ya kamata 'yan majalisa su ji tun yanzu. Yawancin dabbobin nan ba za su koma daji ba. Zakin da aka raina da bulumboti bai iya farauta ba, ba ya kuma tsoron mutum, in aka sake shi garken Fulani da ƙauye zai nufa. Zakunan dajin da suka rage mana a Yankari da Kainji ba su kai 50 ba, ba a kuma haɗa su da wanda ba a san asalinsa ko cutar da yake ɗauke da ita ba. Birin da ya yi shekaru da mutane bai kamata a zuba shi a gandun dajin Pandam ba sai bayan gwaji da killacewa. Wasu za su samu gurbi a wurare irin cibiyar kula da birai ta Pandrillus a Kalaba, wadda ta daɗe tana karɓar biran da aka ƙwato, amma gurbin kaɗan ne. Wadda ta tsufa, ƙashinta ya lalace, ba ta da inda za ta, jinƙai gare ta shi ne likita ya yi mata allurar da za ta mutu ba wahala. Dokar ta faɗi haka ƙarara, ta sa yanke hukuncin a hannun likitoci biyu aƙalla.

Filato ta fi yawancin jihohi kayan aikin nan. Ga Vom, ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Jos, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, ga filin gandun namun daji da zai ɗauki sashen killacewa nesa da inda baƙi ke yawo. Abin da ake buƙata da farko bai fi ƙarfin jiha ba: 'yan ɗakunan ajiya masu ƙofa biyu, kwatamin kada mai hanyar zubar da ruwa, ɗaki mai ɗumi don macizai, firji da sola don nama da magani, akwatunan ɗaukar dabba, mota ɗaya, da tawaga mai lambar waya da kowane ofishin 'yan sanda a ƙananan hukumomi 17 ya sani. Kuɗin lasisi da tara su shiga asusu na musamman don abincin dabbobin, domin zaki ba ya jiran a saki kuɗin kasafi. A sashen ƙarshe na dokar a rubuta cewa rajista da hana saye da sayarwa da haihuwa za su fara aiki ranar da gwamna ya sa hannu, ikon ƙwace dabba daga gida kuma ba zai fara ba sai ranar da babban likitan dabbobi na jiha ya shaida a rubuce cewa wurin ajiyar ya kammala, kuma kuɗin abincin shekarar farko yana cikin asusun.